Kyaftin Oddleif da Zuciyar Aro

A tsibirinmu babu wanda bai san labarin zuciyar Kyaftin Oddleif ba, don shi da kansa yake tallarta. In ya shigo ɗan shagona na gahawa da ke filin jirgi, kafin ya ce ina kwana sai ya bugi ƙirji da tafin hannu ya ce, "Borghild, kin ji wannan? Injin jirgi ma sai ya yi da gaske." Ni kuwa in zuba masa gahawa baƙa ƙirin, in ɗora masa waina da jan cuku, in bar shi da injinsa. Tare muka shiga aji ɗaya na firamare, kuma tun ran nan bakinsa bai huta ba. Yanzu shekararsa sittin da huɗu, tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, amma a faɗarsa likitocin birni har kiran junansu suke yi su zo su ji yadda zuciyar namiji ke bugawa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, tuƙi ya iya shi. Shekara da shekaru yana sauke mu lafiya a wannan guntun fili namu na arewacin Norway, inda iska ke zuwa ta ko'ina a lokaci guda. A sama ba ya taɓa maɓalli sai ya saurari na kusa da shi. Da zarar ƙafarsa ta taka ƙasa kuwa, kunnuwan nan sai su tashi daga aiki.

Da kaka zai yi ritaya, kuma abu ɗaya ya rage masa. 'Yarsa Sunniva ta gama koyon tuƙi, kamfanin da yake wa aiki ya ɗauke ta mataimakiyar matuƙi, an kuma yi masa alkawarin haɗa su tafiya ɗaya kafin ya ajiye hula. Matuƙa suna da wata al'ada: ba mai sakin sitiyari sai ya ce wa abokin aikinsa, "Jirgi na hannunka," shi kuma ya amsa, "Jirgi na hannuna." Tun Sunniva tana 'yar mitsitsiya yake wannan wasa da ita, a keke, a kwale-kwale, har a kan ludayin miya. Yanzu yana so ya faɗa mata da gaske, a sama. Wannan kaɗai ne zancen da in yana yin sa muryarsa ke raguwa.

To amma matuƙin da ya haura sittin, duk wata shida sai likita ya duba shi, in ba haka ba lasisi ya mutu. Ranar da ya dawo daga wurin Likita Ragnhild a birni, ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya dangwarar da hula a teburina.

"Yarinyar nan ta rikice," in ji shi. "Ba ta taɓa jin zuciya irin tawa ba."

"Yarinyar da take da jikoki uku?" na ce. "Me ta ce maka dai?"

"Wai ta ji bugu ɗaya ya yi tsallake. Bugu ɗaya fa, Borghild, tun haihuwata. Wai in rage ciki, in riƙa motsa jiki, bayan wata guda in koma ta manna min na'ura a ƙirji in kwana biyu da ita. In na'urar ta gamsu da ni, ta sa hannu a lasisi."

"In ba ta gamsu ba fa?"

"Ƙaro min waina."

Na ƙara masa. Ya cika baki da ita, ya juya ga masu jiran jirgi, waɗanda ba wanda ya tambaye shi komai, ya sanar da su cewa wata guda na ragwaye ne. Shi sati biyu zai yi, ya koma wa likita da jikin da sai ta roƙe shi ya buɗe makaranta.

Ya fara da sayen agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, irin wanda ke ƙara in bugun ya wuce inda aka saita masa. Mai shagon ya so ya nuna masa yadda ake saita shi. Oddleif ya ce mutumin da ke sarrafa maɓallai ɗari a sama ba za a koya masa guda biyu a ƙasa ba. Ya saita abinsa da kansa. Ya kuma sayi takalman sulu masu taya, waɗanda samari ke horo da su a kan kwalta in ƙanƙara ta narke, da wando mai ɗame jiki wanda matarsa Gunvor ta ce in ya fita da shi kada ya ce ya san ta.

Ran Lahadi ya zaɓa, daidai lokacin tashi daga coci, kuma a kan gangaren cocin. Ya tsaya a sama da sanduna biyu, ya ɗaga mana hannu kamar mai shirin tashi. Abin da mai shagon ya gaya masa, bakinsa na motsi bai ji ba, shi ne takalman nan ba su da birki.

Farkon gangaren ya yi kyau, har yana waige ya ga ko muna kallo. A tsakiya ya daina waige. Ya wuce gidan waya yana kiran mutane su kauce, alhali babu kowa a gabansa. A ƙasan gangaren hanya ta yi kwana, Oddleif bai yi ba. Ya miƙe sak cikin rumfar shanyar kifin Hilmar, ya tsinke ƙafar rumfar guda, kifin da aka rataya tun hunturu ya zubo masa gaba ɗaya.

Hilmar yayan Gunvor ne, masunci, ya ba saba'in baya, kuma in ya yi magana uku a wuni to ranar ya yi surutu. Yana zaune a kan akwati da kofinsa a hannu lokacin da surukinsa ya shige. Bai tashi ba. Da muka iso da gudu ba mu ga Kyaftin ba, sai tulin busasshen kifi da wani ɗan sauti daga ƙarƙashi, ƙit-ƙit, ƙit-ƙit. Da wannan muka gano inda za mu tona.

Da kansa ya fito, Hilmar ya dube shi ya ce, "Ka sauka?"

"Saukar gaggawa ce," in ji Oddleif, yana cire wutsiyar kifi daga wuyan rigarsa, "kuma an yi ta bisa ƙa'ida. Wani ne da ya mutu."

Agogon ya ce ƙit-ƙit.

Daga ranar agogon nan ya zama abin wasan gari. Ya hau matakala, ƙit-ƙit. Ya sunkuya ɗaura takalmi, ƙit-ƙit. Na fito da waina daga kasko, tun kafin ta iso tebur, ƙit-ƙit. Gunvor ce ta fara lura cewa ya fi ƙara in mijinta na ba da labari. Da ta tambaye shi wa ya cinye kek ɗin da ta ajiye wa baƙi, ya ce bai ma san da shi ba, agogon ya amsa mata. Kafin sati ya zagayo, masu lodin kaya a filin jirgi sun daina yi masa musu. In ya fara labarin guguwar da ya ratsa da inji ɗaya, sai su zuba wa hannunsa ido.

"Sha'awa ce," in ji shi. "Zuciya mai ƙarfi tana son labari mai ƙarfi."

"To ta so shi a hankali," na ce, "tana korar min masu sayayya."

Sai ya ji wai ruwan sanyi na ƙarfafa zuciya. Muna da wasu tsofaffin mata da ke wanka a teku kowace safiya, rani da hunturu, shugabarsu Aslaug, wadda ta doshi tamanin kuma ta binne maza biyu. Oddleif ya je ya same su a bakin gadar da ake ɗaure kwale-kwale, da tawul a kafaɗa. Aslaug ta ce masa a fara da ƙafa, sannan gwiwa, a yi numfashi a hankali. Ya ce mata shi an horar da shi faɗawa teku tun tana goyon fari, ya ja da baya, ya zo a guje ya yi tsalle.

Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar da ya yi ba ta mutum ba ce. Ya ɓullo baki buɗe, ido waje, hannuwa sun ƙi aiki. Aslaug ta ɗauki ƙugiyar jan kwale-kwale ta saƙalo shi ta bayan wando, matan suka haɗu suka jawo shi kan gada, wandon ya tsaya a rabin hanya. Suka naɗe shi da rigar wankan Aslaug mai furanni, suka rako shi gida ta tsakiyar gari, agogon na ƙara tun daga bakin ruwa har ƙofar Gunvor.

Washegari ya shigo shagona ba bugun ƙirji. Ya ce in ba shi ruwan zafi da lemon tsami. Ya daɗe yana kallon agogon.

"Borghild," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko ina zaune yana yi."

Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba. Na ce ya gaya wa likita. Ya ce in ya gaya mata, Sunniva za ta tashi da wani ƙaton banza a kujerarsa. Daga nan ya gyara zama, ya ce ai matuƙin kirki kullum yana da filin sauka na biyu. Da na ji haka na san wata sabuwar za ta ɓullo, ban dai san ta ina ba.

Ranar komawa wurin likita ta zo, ya je birni, ma'aikaciyar jinya ta aske masa ƙirji ta manna 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ta ba shi wata 'yar waya ta ce ya riƙa sa ta a aljihu. Ta yi masa bayanin yadda abin ke aiki. Shi kuma a daidai lokacin yana yi mata bayanin yadda ya taɓa sauka cikin hazo da taimakon ƙamshin kifi.

Yana dawowa ya zarce rumfar Hilmar. Abin da ya faru a can daga bakin Hilmar na ji shi daga baya, kuma sai da na yi wata guda ina tatsa.

"Hilmar, kai ba ka fushi, ba ka gudu, ba ka dariya. Zuciyarka ko agogon coci bai kai ta natsuwa ba. Aro nake so."

"Na me?"

"Na zuciya. Kwana biyu kacal. Ka manna wannan, ka jefa 'yar wayar nan a aljihu, ka shiga kwale-kwalenka, ka je bayan Dutsen Tsuntsaye inda ba iska, ka zauna ka yi ta kamun kifinka a hankali. In an gama in mayar musu da abinsu, su karanta su yi tafi."

"Jibi gayya."

Nan gizo ke saƙar, in ji masu magana, don a garinmu ba a fashin aikin gayyar bazara. Kowa sai ya fito, a kankare zauren taro a yi masa fenti, a gyara shinge, a share bakin ruwa. Wanda bai zo ba ba za a ce masa komai ba, za a dai tuna har jikokinsa. Oddleif kansa yakan zo, amma sanye da rigarsa ta matuƙa mai zaren zinariya a hannuwa, ya tsaya kusa da teburin waina yana ba da umarni. Hilmar kuwa shi ke hawa tsani ya yi fentin can saman bango, kuma ya tsani aikin nan kamar me.

"Ni zan hau maka tsanin," in ji Oddleif.

Hilmar ya auna zancen. Sannan ya fara kwance maɓallan rigarsa. Gashin ƙirjinsa ya ci reza biyu, daga ƙarshe sai da suka haɗa da almakashin gyaran raga.

Ranar gayya gari ya yi kyau. Na kafa kaskona a gefen zaure, Sunniva da ta zo hutu tana taya ni zuba gahawa. Abu biyu suka hana mutane aiki. Na farko, Hilmar bai zo ba, abin da ba a taɓa gani ba. Na biyu, Kyaftin Oddleif yana can ƙololuwar tsani da bokitin jan fenti, yana aiki da hannunsa.

"Baba, ba likita ta ce ka bi a hankali da na'urar nan ba?" in ji Sunniva.

"Na'urar ce za ta bi ni a hankali," ya amsa daga sama. "Yau za ta ga abin da ba a koya mata ba. Ku dube ni da kyau, hannu ɗaya ma ya isa."

Yana cikin nuna mana hannu ɗaya wayar Gunvor ta yi ƙara. Na ga ta saurara, na ga fuskarta ta sauya, kofin hannunta ya faɗi.

"Oddleif, sauko. Asibiti ne. Sun kira wayarka ba ka ɗauka ba. Sun ce zuciyarka tana tsayawa."

"Tawa?"

"Tana tsayawa tana tashi tun safe. Sun taso jirgi. Sauko, don Allah."

Ashe abin da ma'aikaciyar jinya ta gaya masa ke nan: 'yar wayar nan ta aljihu tana aika kowane bugu asibiti nan take, ba sai an mayar da na'ura ba.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi, "kuskure ne na inji, ni ƙalau nake."

Ba wanda ya saurare shi, kuma ban ga laifinmu ba, shekara nawa muna jin yana cewa ƙalau yake. Maza huɗu suka rungumi tsanin don su taimaka, tsanin ya karkata, Oddleif ya sulmiyo, bokitin ya biyo shi ya kife a ƙirjinsa. Da matan baya suka ga ja ya wanke masa riga sai kuka ya tashi. Aka share teburina da hannu ɗaya, wainata duk a ƙasa, aka shimfiɗe shi a kai. Aslaug, wadda ta yi kwas ɗin taimakon gaggawa kuma ta daɗe tana neman wanda za ta gwada a kansa, ta naɗe hannun riga ta haye.

"Aslaug, ina numfashi."

"Yi shiru, ba kai ka yi kwas ɗin ba."

"Mai magana ba a danna masa ƙirji."

"Kai ko ka mutu sai ka yi magana. Ku riƙe min ƙafafunsa."

Allah ya taimaki haƙarƙarinsa, jirgin asibiti mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallo kafin ta gama gyara zama. Ma'aikata biyu suka iso a guje, suka mayar da shi gadon ɗauka, suka ɗaure shi tamau da ɗamara. Babban cikinsu, wani dogo mai gemu, ya sa almakashi ya tsarge rigar daga wuya har cibiya. Ga ƙirji, ga inda aka aske, ga fenti. Babu na'ura.

"Kyaftin, ina na'urar?"

"Ta... ta faɗi a wurin wanka."

Ƙit-ƙit, in ji agogon. Duk da halin da ake ciki, sai da wani ya yi dariya a baya.

Mai gemun ya duba allon da ke hannunsa. "Ba ta faɗi ba. Yanzu haka tana manne a ƙirjin mutum. Kuma ko wane ne, zuciyarsa na yin shiru ta daɗe kafin ta dawo, kowane shiru ya fi na baya tsawo. In kai ne, mu tafi. In lalacewa ta yi, ka faɗa mu koma, akwai masu jiranmu."

Ga ƙofa an buɗe masa. In ya ce ta lalace, sai jirgi ya tashi, a yi dariya a watse, lasisinsa na nan. Ina tsaye daf da kansa, na ga ya gane haka sarai. Ya juya ido ya nemi Sunniva. Tana riƙe da hannunsa mai fenti, tana kuka ba sauti. Ya dube ta kamar mai ban kwana da wani abu.

"Hilmar ne," ya ce.

"Wa?"

"Hilmar!" Wannan karon da muryar da yake ba da umarni a jirgi ya faɗa, har na bakin shinge suka ji. "Ni na manna masa don in cuci likita. Yana teku shi kaɗai, bayan Dutsen Tsuntsaye, ni na tura shi. Ku tashi yanzu, zan nuna muku hanya."

Agogon bai ce komai ba, ko kuwa hayaniya ce ta hana mu ji. Gunvor ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Ba lokacin kwance ɗamara, don haka suka sunkuce shi yadda yake suka zura a jirgi. Mai gemun ya ba mu labari daga baya cewa a kwance, yana kallon rufi, Oddleif ya riƙa ba matuƙin kwatance, dama kaɗan, bi bakin dutse, kuma bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya dai ƙara da gyara wa matuƙin riƙon sitiyari, wanda ba a tambaye shi ba.

Sun sami Hilmar a zaune a kwale-kwale, kansa a kan gwiwa, igiyar kamu a hannu. Da aka sauko masa da mutum ta igiya sai ya farfaɗo, ya dube shi ya ce, "Lafiya?" Ashe ya fi shekara yana irin wannan. Sai ya ga duhu, ya farka ya tarar kofinsa a ƙasa. Ya ɗauka gyangyaɗin tsufa ne, bai ga abin ba da labari a ciki ba. Rigimar da aka yi da shi ɗaya ce, ya ce ba ya tafiya ya bar kifinsa.

A ranar aka sa masa 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fata, mai tuna wa zuciya aikinta. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara kwanaki, a kwale-kwalen nan za a tsince shi.

Shi kuwa Kyaftin, da Likita Ragnhild ta gan shi a ɗaure ta ce kada a kwance shi tukuna. Ta kwantar da shi gado kusa da na Hilmar, ta manna masa sabuwar na'ura da hannunta, ta sa shi tuƙa keken gwaji har sai da ya daina magana. Bayan kwana biyu ta zo da sakamako, Gunvor na zaune.

"Zuciyarka lafiya lau take. Tsallaken da na ji, gahawa ce ta yi maka yawa."

"Agogon fa?" in ji Gunvor.

Likita ta kwance shi ta duba. "Wa ya saita wannan?"

"Ni," in ji Oddleif. "Na sa shi a inda ya kamata zuciyar matuƙi ta tsaya."

"Ka sa shi a bugun ɗan tseren ƙasa da ke cikin barci. Ko ni na ɗaura shi ƙara zai yi." Ta ajiye agogon. "Da ka bar na'urar a ƙirjinka, da yau na sa maka hannu. Yanzu dole in rubuta abin da ka yi."

"Da ya bar ta kuma, da mun binne yayana," in ji Gunvor. Ta juya ga mijinta. "Ban san ko in rungume ka ko in kwaɗa maka tukunya ba."

"Fara da tukunyar," in ji Hilmar daga gadonsa.

Masu ba da lasisi suna yi wa ciwo uzuri, amma ba sa yi wa yaudara. Suka dakatar da shi har zuwa bayan ranar ritayarsa. Haka Oddleif ya ajiye hula, da lafiyayyar zuciya, ba tare da ya sake zama a kujerar gaba ba. Ya yi sati uku bai leƙo shagona ba, kuma duk mitar da nake yi da shi, shagon ya yi min faɗi.

Ranar da aka ba Sunniva tafiyarta ta farko daga filinmu, rabin gari ya tuna yana da uzuri a birni. Ni ma na rufe kasko na sayi tikiti. Oddleif ya zo da rigar gida, ya bi layi kamar kowa, Hilmar na bayansa zai je a duba masa batir. Muna ɗakin jira ya hango wasu baƙi 'yan yawon buɗe ido, sai na ga ƙirjin ya fara tasowa.

"Kun ga mutumin nan? Ni na ceci ransa. Na daɗe ina zargin zuciyarsa, amma ba ya zuwa asibiti, sai na shirya dabara. Komai da kuka ji, a tsare na yi shi."

Agogon an gyara shi, bai yi ƙara ba. Hilmar ya kurɓi gahawarsa, ya dubi silin, ya ce, "Ƙit-ƙit."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har Aslaug na share hawaye. Oddleif ma sai da ya yi.

Aka kira mu. Muka fita cikin iska zuwa jirgi. Sunniva tana gindin matakala da rigar aiki, ta gama zagayen duba tayoyi da fukafukai. Oddleif ya zo wucewa ya ɗan gyaɗa mata kai kamar kowane fasinja, don kunya ta hana shi haɗa ido da ita tun ranar gayya. Ta sa hannu ta tare hanya.

"Baba, ba ka faɗa ba."

"Ba ni da hurumi, 'yata. Tikiti ne a hannuna."

"Ni dai ba na tashi sai ka faɗa."

Layi ya tsaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Ya cire hular ulun da ke kansa, ya murɗa ta a hannu. Sannan ya ce, "Jirgi na hannunki."

"Jirgi na hannuna," in ji Sunniva, ta kauce masa ya hau.

A bayansa na zauna. Na shirya jin yadda za a ce ta yi saurin ɗaga hanci, ta yi jinkirin naɗe tayoyi. Bai ce komai ba. Ya manna goshi a taga tun tashi har sauka, Hilmar ya miƙa masa hankici ba tare da ya dube shi ba. Tun aji ɗaya nake fatan ranar da Oddleif zai yi shiru, ga ta ta zo, ni kuma na ɓata ta da kuka.